Idan matashi ya ce ya gaji da duniya, wa zai kai shi asibiti?

A farkon watan Mayun 2025 hukumar JAMB ta fitar da sakamakon jarrabawar shiga manyan makarantu, inda fiye da ɗalibai miliyan 1.5 daga cikin sama da miliyan 1.9 da suka zauna jarrabawar suka gaza kai maki 200 cikin 400. Kwanaki kaɗan bayan haka jaridu suka ruwaito cewa wata ɗaliba 'yar shekara 19 a Legas ta kashe kanta bayan ta ga makinta.

Ranar 14 ga watan, shugaban hukumar, Farfesa Is-haq Oloyede, ya bayyana gaban 'yan jarida cikin hawaye, ya amsa cewa tangarɗar na'ura ta shafi sakamakon ɗalibai 379,997 a Legas da jihohin Kudu maso Gabas. Aka ba su damar sake rubutawa.

An shafe makonni ana ce-ce-ku-ce a kan JAMB. Abin da ba a tsaya a kansa ba shi ne tambayar da ta fi damun likitocin ƙwaƙwalwa a duk lokacin da irin haka ta faru: daga ranar da duniya ta fara yi wa matashi ƙunci zuwa ranar da ya cutar da kansa, wa ke kusa da shi, kuma a wane lokaci ya kamata a ce an nemi taimako?

Likitocin sun daɗe suna jan kunne cewa da wuya dalili ɗaya ya kai mutum ga kashe kansa. Faɗuwa jarrabawa, ko rabuwa da saurayi, ko faɗa da mahaifi, galibi ashana ce da aka ƙyasta. Busasshiyar ciyawar ta daɗe a jibge. Sau da yawa kuma sunan wannan ciyawa shi ne ciwon tsananin damuwa.

Hukumar Lafiya ta Duniya, WHO, ta ce ɗaya cikin bakwai na yara da matasa masu shekara 10 zuwa 19 yana fama da wata lalurar ƙwaƙwalwa, kuma ciwon damuwa na daga cikin na gaba-gaba. Ta ce fiye da mutum 720,000 ke kashe kansu duk shekara a duniya, sannan kashe kai shi ne na uku a jerin abubuwan da suka fi hallaka masu shekara 15 zuwa 29.

Ga wanda zai ce wannan matsalar Turawa ce, akwai binciken da Farfesa Olayinka Omigbodun ta Jami'ar Ibadan da abokan aikinta suka wallafa a 2008. Sun tattauna da ɗalibai 1,429 masu shekara 10 zuwa 17 a Kudu maso Yammacin Najeriya. Fiye da ɗaya cikin biyar sun ce tunanin kashe kai ya taɓa zo musu, kusan kashi 12 cikin 100 kuma sun ce sun yi yunƙuri a cikin shekarar da ta gabata. Wannan tun kafin zuwan TikTok ke nan.

Ciwon da ke zuwa da rigar rashin kunya

Babba mai ciwon damuwa yakan yi sanyi, ya riƙa zubar da hawaye, ya ce rayuwa ta fita daga ransa. Matashi ba dole ne ya yi haka ba. Shi nasa yakan fito ne a matsayin fushi da ƙunci da saurin hasala. Yarinyar da aka sani da fara'a sai ta koma tsaki da bugun ƙofa. Yaron da ba ya wasa da ƙwallon yamma sai ya daina fita, ya ƙule a ɗaki, ya kwana yana latsa waya, ya wuni yana barci.

Makaranta ma takan nuna. Maki ya faɗi, littafi ya ƙi shiga, hadda ta zube. Abinci ko dai ya fita a rai ko a riƙa cin sa ba ƙaƙƙautawa. Sai kuma kalamai na raina kai: ni ba ni da amfani, ni ne matsalar gidan nan, da ba a haife ni ba da kowa ya huta.

Ma'aunin da likitoci ke amfani da shi yana da sauƙin riƙewa. Idan wannan yanayi ya kai mako biyu, kusan kullum, kusan duk yini, har ya taɓa karatu da ci da barci da zama da mutane, to ya wuce ɓacin rai na yau da gobe.

Wani abin da ke rikita iyaye shi ne ciwon kan ɓuya a jiki. Yaro zai yi ta kukan ciwon kai, da zafi a tsakiyar ka, da bugun zuciya, da ciwon ciki, da jin kamar wani abu na yi masa tafiya a fata. Tun a 1960 wani likita ɗan Kanada da ya yi aiki a asibitin Aro da ke Abeokuta, Raymond Prince, ya rubuta a kan ɗaliban Najeriya masu irin waɗannan koke-koke, waɗanda karatu ya daina shiga kansu. Yau irin wannan ɗalibi zai sha maganin maleriya sau uku, a ɗora masa na taifod, a yi masa ƙarin ruwa a kyamis, ba tare da wani ya tambaye shi abin da ke ransa ba.

Bayan balaga, ciwon ya fi kama mata, kusan ninki biyu na maza. A Arewa kuwa akwai rukunin da ba a cika sa su a lissafin matasa ba saboda an riga an kira su matan aure: 'yar shekara 15 ko 16 da aka kai gidan da ba ta so, ko wadda ta haihu ta kasa barci ta kasa jin ɗokin jaririnta. Akwai kuma yaran da suka ga an kashe iyayensu ko an ƙone garinsu a Zamfara ko Katsina ko Borno, suna zaune a gidajen dangi ko sansanonin gudun hijira, ana ganin ai sun tsira ke nan.

Kayan maye ma suna shiga lissafin. Binciken da Ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya yi tare da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa a 2018 ya nuna mutum miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 ke ta'ammali da ƙwayoyi a Najeriya. A cikin matasan da ke shan tiramol ko kodin akwai waɗanda ba nishaɗi suka je nema ba, barci suke nema da abin da zai kashe musu tunani na 'yan sa'o'i. Sai a kama shaye-shayen a bar abin da ya haifar da shi.

Sunayen da muke ba shi

A gidajenmu abin da ke jinkirta zuwa asibiti ba rashin ƙauna ba ne. Suna ne. Abin da aka kira ciwo da shi, shi ke nuna ƙofar da za a ƙwanƙwasa.

Idan aka ce sangarta ce ko taurin kai, sai a ɗauko bulala. Idan aka ce iska ce ko sammu, sai a nufi mai ruƙiya ko mai magani. Idan aka ce shaye-shaye ne, a da sai a ce gidan mari. Masu karatu ba su manta da watan Satumban 2019 ba, lokacin da 'yan sanda suka kuɓutar da fiye da mutum 300, ciki har da ƙananan yara, daga wani gida a Rigasa da ke Kaduna, wasu da mari a ƙafa. Bayan 'yan makonni aka sake gano irinsa a Daura. Da yawa daga cikin waɗanda aka samu a wuraren, iyayensu ne suka kai su da hannunsu, har suna biyan kuɗi, domin a ganinsu gyara suka je nema.

Sunan da ya fi yi wa mai ciwon zafi kuwa shi ne rashin tawakkali. Yarinyar da dama take ganin kanta a matsayin marar amfani, idan aka ƙara mata da cewa imaninta ne ya yi rauni, an ɗora mata dutse a kan kayan da ta kasa ɗauka. Daga ranar ba za ta sake buɗe baki ba.

Abin mamaki shi ne malaman Musulunci na farko ba haka suka kalli lamarin ba. Abu Zaid al-Balkhi, wanda ya rasu a shekarar 934 Miladiyya, ya rubuta littafi mai suna Masalihul Abdan wal Anfus. A ciki ya rarrabe tsakanin baƙin cikin da aka san dalilinsa, kamar rashin masoyi ko asarar dukiya, da wanda ke sauko wa mutum ba tare da sanannen dalili ba ya hana shi jin daɗin komai. Na biyun ya danganta shi da jiki, ya ce yana buƙatar magani kamar sauran cututtuka. Fiye da shekara dubu ke nan. Kowane ɗan Islamiyya kuma ya san labarin baƙin cikin Annabi Yaƙub a kan ɗansa Yusuf, da kuma shekarar da tarihi ya kira Shekarar Baƙin Ciki a rayuwar Manzon Allah (SAW).

Babu likitan kirki da zai hana iyali addu'a, ko a masallaci ko a coci. Mai ciwon suga ana yi masa addu'a yana shan maganinsa. Matsalar tana farawa ne idan aka shafe wata shida ana zagaye, ana cewa bari a gama wannan tukuna, yaro kuma yana ta nitsewa.

Sai kunya. An tarbiyyantar da mu a kan cewa ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, kuma yaron kirki ba ya kai ƙara. A gidaje da yawa uwa ba ta ko kiran sunan ɗanta na fari, balle su zauna hira a kan abin da ke damunsa. Mahaifi kuwa ana gaishe shi ne a durƙushe a tashi. Wannan kara tana da kyawunta, amma tana nufin matashin da ke cikin matsala ba lallai ne ya tunkari iyayensa ba. Zai fi zuwa wurin kaka, wadda akwai wasa a tsakaninsu, ko gwaggo, ko kawu, ko yayar da ta yi aure, ko malamin aji, ko aboki. Waɗannan su ne suka fi jin maganar farko, kuma su ne suka fi cewa "kai dai ka yi haƙuri" su wuce.

Akwai kuma tsoron bakin duniya, musamman a kan 'ya mace. Idan aka ji an kai ta asibitin ƙwaƙwalwa, wa zai aure ta? Iyaye da dama sun zaɓi rufin asiri a kan magani saboda wannan tambaya, wasunsu kuma sun yi da-na-sanin da ba ya gyaruwa.

Lokacin haɗari gajere ne

Wannan shi ne abin da ya fi muhimmanci a sani, kuma shi ne mutane suka fi jahilta. Ana ɗauka wanda ya ƙudurta kashe kansa babu mai iya hana shi, in an tare shi yau zai yi gobe. Bincike ya nuna akasin haka.

A birnin Houston na Amurka an tattauna da mutum 153 masu shekara 13 zuwa 34 da suka tsira daga yunƙurin da ya kusa hallaka su, aka wallafa sakamakon a 2001. Kusan ɗaya cikin huɗu sun ce tsakanin yanke shawarar da aikata ta bai kai minti biyar ba. Wani nazari na 2002 da ya tattara bincike 90 ya gano cewa kusan tara cikin goma na waɗanda suka tsira daga yunƙuri ba su mutu ta hanyar kashe kai daga baya ba.

Ma'ana, ciwon damuwa yana iya ɗaukar watanni, amma sa'ar da mutum ke bakin rami ba ta daɗewa. Tana tasowa kamar guguwa ta lafa. Duk abin da ya shiga tsakanin matashi da abin da zai cutar da kansa da shi a wannan sa'a, yana iya zama sanadin ya kai shekara saba'in.

Ƙasar Siri Lanka ta gwada wannan a aikace. A tsakiyar shekarun 1990 tana cikin ƙasashen da aka fi kashe kai a duniya, galibi a karkara da magungunan feshin gona. Gwamnati ta bi mafiya haɗari daga cikinsu ta haramta ɗaya bayan ɗaya. Cikin shekara 20 adadin masu kashe kansu ya ragu da kusan kashi 70 cikin 100, masu bincike kuma suka ƙiyasta cewa an ceci rayuka 93,000, ba tare da amfanin gona ya ragu ba. A Najeriya ma hukumar NAFDAC ta taƙaita sayar da wasu magungunan kashe ƙwari a ƙananan kwalabe a 2019. Sai dai a gidan manomi ko ɗan kasuwa, makullin ɗakin ajiya ya fi kowace doka saurin aiki.

Alamomin da ke nuna an shiga wannan sa'a ba sa buƙatar digiri kafin a gane su. Matashi ya fara maganar mutuwa ko cewa ya zame wa kowa nauyi. Ya fara raba kayan da yake ji da su. Ya bi mutane yana neman gafara ba tare da wani dalili ba, ko ya sa kalaman bankwana a WhatsApp. A ga tabon yanka a hannu ko cinya, ko dogon hannun riga a tsakiyar zafin Afrilu. Mafi ruɗarwa ita ce natsuwar da ke zuwa kwatsam bayan makonni na ƙunci, har gida ya ce alhamdu lillahi ya warware. An ce labarin zuciya a tambayi fuska, amma a nan fuska tana iya yin ƙarya.

A tambaye shi kai-tsaye

Mafi yawan iyaye za su ce ba za su iya ba. Tsoronsu kada su sa masa tunanin da babu shi. An gwada wannan ma. A 2005 aka wallafa wani bincike a kan ɗaliban sakandare 2,342 a jihar New York. An yi wa rabinsu tambayoyi a kan tunanin kashe kai, rabi kuma ba a yi musu ba. Waɗanda aka tambaya ba su fi sauran shiga damuwa ko tunanin ba. Hasali ma, waɗanda dama suke da alamun ciwon sun ɗan fi samun sauƙi bayan an tambaye su.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. A samu wuri ba a gaban ƙanne ba, a zauna, a faɗi abin da aka lura da shi, sannan a yi tambayar yadda take: "Na ga kwana biyu ba ka cikin walwala. Shin tunanin kashe kanka yana zo maka?" Idan ya ce e, sai a ci gaba: ya tsara yadda zai yi? Ya tanadi wani abu? Ya taɓa gwadawa?

Daga nan aikin sauraro ne. Ba lokacin wa'azin wuta ba ne, ba lokacin lissafa kuɗin makarantar da aka kashe ba ne, ba kuma lokacin cewa wasu sun fi shi shiga wahala ba ne. Duk ya san waɗannan, kuma su ne suke ƙara masa jin shi mai laifi ne.

Idan amsar ta nuna akwai shiri ko tanadi, to an wuce maganar bari gari ya waye a ga yadda za a yi. Kada a bar shi shi kaɗai, ko da na zuwa shago ne. A kwashe magungunan gida, da na feshi, da na ɓera, da duk wani makami, a kulle ko a fitar da su daga gidan. A samu babba na biyu a sanar da shi. A nufi asibiti a daren, sashen taimakon gaggawa na kowane babban asibiti yana karɓar irin wannan. Lambar kiran gaggawa ta ƙasa ita ce 112, kuma kyauta ce, amma wanda ke da maƙwabci mai mota ko ɗan adaidaita sahu kada ya tsaya jira.

Idan kuwa har ya riga ya sha wani abu, kada a ɗura masa manja ko madara ko ruwan gishiri, kada kuma a sa masa yatsa a maƙogwaro. Wannan al'ada ta yaɗu ƙwarai, amma tana iya tura abin cikin huhu ta ƙara ta'azzara lamarin. A ɗauki kwalbar ko kwalin a tafi da shi, domin likita ya san abin da zai yi maganinsa. Ko da ya ce ya ji sauƙi a tafi, saboda wasu magungunan ba sa nuna ɓarnarsu sai bayan kwana ɗaya ko biyu.

Dokar da ke sa a ɓoye

Akwai dalilin da ya sa iyalai ke yi wa likita ƙarya su ce kuskure ne. Sashe na 231 na kundin Penal Code da jihohin Arewa suka gada ya tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara ɗaya, ko tara, ko duka biyun, ga wanda ya yi yunƙurin kashe kansa. A Kudu sashe na 327 na Criminal Code ya tanadi ɗaurin shekara ɗaya. Gadon Turawan mulkin mallaka ne, alhali ita Ingila ta soke nata tun 1961. Ghana ta soke a 2023.

A watan Janairun 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958. Sabuwar dokar ta ba marasa lafiya haƙƙoƙi, amma ba ta goge wancan laifi ba. A watan Oktoban 2024 Ministan Lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, ya ƙaddamar da kwamitin da zai yi aikin cire shi daga jerin laifuka. Tun da kowace jiha tana da nata kundin, majalisun jihohi ma suna da aiki a gabansu.

A ra'ayina babu wata hikima a dokar da ke tsoratar da uwa daga faɗa wa likita gaskiya a daren da ɗanta ke tsakanin rai da mutuwa. Aikin likita magani ne, kuma sirrin marar lafiya amana ce a wuyansa. A faɗa masa abin da ya faru yadda ya faru.

Ina za a je?

Likitocin ƙwaƙwalwa a Najeriya ba su kai 300 ba, ga al'umma fiye da miliyan 200, kuma mafi yawansu suna manyan birane. Waɗanda suka ƙware a kan yara da matasa kuwa 'yan ƙalilan ne. Duk da haka ƙofofin suna nan: asibitocin ƙwaƙwalwa na Barnawa a Kaduna, da Kware a Sakkwato, da Maiduguri, da Dawanau a Kano, sai sassan ƙwaƙwalwa na asibitocin koyarwa irin su Malam Aminu Kano da na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika. Mafi yawan masu zuwa waɗannan wurare kati suke yanka, su ga likita, su koma gida a ranar. Kwantarwa sai ga wanda ke cikin haɗari.

Wanda ke nesa ya fara da asibitin da ya fi kusa. Tun 2008 WHO ta fito da wani shiri mai suna mhGAP na horar da likitocin gama-gari da nas-nas da ma'aikatan lafiya na matakin farko yadda za su gane ciwon damuwa su fara kula da shi, kuma Najeriya na cikin ƙasashen da suka ɗauke shi. Akwai kuma ƙungiyoyi masu layukan waya na sauraron waɗanda ke cikin ƙunci, irin su SURPIN da ta samo asali daga asibitin koyarwa na Jami'ar Legas, da MANI, da She Writes Woman wadda Hauwa Ojeifo ta kafa a 2016 bayan ita kanta ta yi fama da lalurar ƙwaƙwalwa ta fito fili ta faɗa.

Maganin iri biyu ne. Akwai na tattaunawa, inda ƙwararre ke koya wa matashi gane tunanin da ke dulmiyar da shi, da yadda zai ƙalubalance shi, da yadda zai koma harkokinsa kaɗan-kaɗan. An gwada shi a makarantun sakandare a Ibadan a kan ɗalibai 40, zama biyar kacal a rukuni, sakamakon da aka wallafa a 2016 ya nuna waɗanda suka samu zaman sun fi sauran samun sauƙi. Akwai kuma ƙwaya, ga wanda ciwonsa ya yi nauyi. Wani babban gwaji a Amurka a 2004 a kan matasa 439 ya nuna bayan mako 12 kashi 71 cikin 100 na waɗanda aka haɗa musu biyun sun samu sauƙi sosai, idan aka kwatanta da kashi 35 na waɗanda aka ba ƙwayar da babu magani a cikinta.

Ƙwayar ba ta aiki ran da aka fara, takan ɗauki makonni. A makonnin farkon kuma dole a sa ido, domin wasu matasan kan ƙara shiga rashin natsuwa kafin su daidaita. Shi ya sa ba a sayen ta a kyamis da shawarar maƙwabciya, ba a kuma daina ta don an ga yaro ya fara dariya.

Ga kai, ga ke

Mai yiwuwa mai karanta wannan a waya da tsakar dare ba uba ba ne ba uwa ba ce. Idan kai ne abin ya shafa, ko ke, ba sai an iya bayani mai tsawo ba. Jimla ɗaya ta isa: "Ba ni da lafiya a raina, ina tunanin cutar da kaina, ina son a kai ni asibiti." Idan baki ya yi nauyi, a rubuta a tura, ko a miƙa wa mutum wayar ya karanta. Idan na farko ya yi dariya ko ya yi faɗa, shi ne bai gane ba, a je wurin na biyu. Wannan muryar da ke cewa kowa zai huta idan ba ka nan, alamar ciwon ce kamar yadda zafin jiki yake alamar zazzaɓi, kuma takan yi shiru idan magani ya kama.

Idan kuma ƙawarki ce ta faɗa miki ta sa ki rantse ba za ki gaya wa kowa ba, wannan ba irin amanar da ake riƙewa ba ce. Ki gaya mata ba za ki iya ɗauka ke kaɗai ba, ki ce ta zaɓi babban da za ku je wurinsa tare. In ta ƙi, ki je. Za ta yi fushi, wataƙila ta daina yi miki magana na wani lokaci.

Bayan an dawo daga asibiti aiki bai ƙare ba. Makonnin farko bayan sallama suna daga cikin lokutan da haɗarin ya fi yawa, kuma a lokacin ne gida ke sakin jiki, ko kuma a koma tsare yaro kamar ɓarawo ana yi masa gori. Abin da ake buƙata bai kai haka wahala ba. WHO ta gudanar da wani gwaji a ƙasashe biyar, Barazil da Indiya da Siri Lanka da Iran da Sin, a kan mutum 1,867 da aka kai asibiti bayan yunƙurin kashe kai, aka wallafa shi a 2008. An bar rabinsu da kulawar da aka saba. Sauran rabin an zauna da su na sa'a ɗaya kafin sallama, sannan wani ma'aikacin lafiya ya riƙa kiransu ko ziyartarsu sau tara a cikin wata 18, yana tambayar yadda suke da ko suna buƙatar wani abu. A rukunin farko kashi 2.2 cikin 100 sun mutu ta hanyar kashe kai a tsawon lokacin. A rukunin da ake tuntuɓa, kashi 0.2 ne.